DON ME MALAMAN SAKANDARE KE AJIYE ALLI TUN LOKACI BAI YI BA?

Wannan jawabi ne da wani ɗan'uwanmu, tsohon malamin sakandare wanda yanzu ya ke da rumfar hatsi, ya yi wa jama'a a wurin lacca da la'asar bayan an tashi kasuwa. Mun buga shi kamar yadda ya faɗa.

Na san kowa a tsaye ya wuni, saboda haka in Allah ya yarda ba za a kira magariba ina magana ba.

Waɗansunku da mudu a hannu suka san ni. Waɗansu kuwa da alli suka san ni, gama na koya wa 'ya'yansu lissafi. Shekara 27 na yi ina koyarwa a sakandare. Na ajiye aiki ina da shekara 53, watau ko a tsohuwar doka ma da sauran shekara 7 a gabana. Ba korata aka yi ba, ban kuwa yi laifin komai ba. Da hannuna na rubuta takardar. Tun ran nan mutane ke tare ni suna tambaya, Malam, me ya yi zafi? Yau zan ba da amsa gaba ɗaya a gaban kowa, domin maganar ta wuce tawa ni kaɗai. Ta 'ya'yanku ce.

AN ƘARA SHEKARU

Da can dokar aikin Gwamnati ta ce ma'aikaci ya yi ritaya in ya cika shekara 60 da haihuwa, ko shekara 35 yana aiki, wadda duk ta riga zuwa. Ran 5 ga watan Oktoba 2020, ranar malamai ta duniya, Gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta yi wa malamai alkawura. Aka ce za a yi musu tsarin albashi nasu na musamman, da alawus ga wanda aka tura ƙauye, da alawus ga malaman kimiyya, da gidaje masu sauƙin kuɗi, sa'an nan a ƙara musu shekarun aiki. Cikin watan Afrilu 2022 aka sa hannu a dokar ƙarin shekarun. Malami ya kai 65 da haihuwa, ko 40 yana aiki. Waɗansu jihohi suka bi, waɗansu suka ja ƙafa, gama yawancin makarantun sakandare na jihohi ne, na Gwamnatin Tarayya ɗari ne da 'yan kai. Maganar tsarin albashi kuwa, ƙungiyar malamai ta yi ta kuka a shekarun da suka biyo baya cewa ba ta gan shi a ƙasa ba.

To, ga abin mamaki. An ƙara wa mutum shekara biyar, shi kuwa ko waɗanda ya ke da su tun farko neman hanyar rage su ya ke yi. Ku 'yan kasuwa ne, ku gaya mini. Akwai wanda ke rufe rumfa da hantsi alhali ciniki na tafiya? Babu. In kun ga mutum ya tattara kaya rana ba ta yi tsaka ba, lalle akwai dalili. Ruwa ba ya tsami banza. Zan kawo muku dalilan ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda na gan su a ɗakin malamai.

ALBASHI

Na farko albashi. Ba sai na koya muku farashi ba, ku ke sa shi. A 2011 aka yanke mafi ƙarancin albashi naira 18,000. A lokacin kuɗin nan na sayen buhun shinkafa biyu ko kusa da haka. A 2019 aka mai da shi 30,000. Cikin watan Yuli 2024 aka mai da shi 70,000, a shekarar da buhu ɗaya ya haura wannan kuɗi. In kuma da dala za a auna, 18,000 ta 2011 ta fi dala 100, amma 70,000 ta 2024 ba ta kai dala 50 ba. Watau lamba ta hau a takarda, tukunya kuwa ta ragu.

Malamin da ya shiga aiki da takardar NCE mataki na 7 a ke ɗora shi, mai digiri kuwa mataki na 8. Sun fi mafi ƙarancin albashi, gaskiya ne, amma tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Ran 29 ga watan Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 a nan Arewa cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Makarantar da na ke koyarwa a lokacin tana bayan gari. Na zauna na yi lissafi, gama lissafi ne aikina, sai na ga man babur kaɗai na cinye kusan sulusin abin da na ke karɓa. Watau kwana goma a kowane wata mai gidan mai na ke yi wa aiki.

Akwai masu tireda a nan wurin, ina ganin biyu daga inda na ke tsaye. Ku buɗe littafin bashinku ku duba, malaman makaranta nawa ne a ciki? Mutumin da ya koya wa ɗanka karatu da safe, da yamma ya zo yana sunkuyar da kai yana roƙon ka kwano biyu na masara zuwa ƙarshen wata. Kai ka ji kunya, shi ya ji kunya. Wannan kunya ta fi yunwa korar malamai daga aji.

NAUYIN AIKI

Na biyu yawan yara. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya ɗalibai 40 a ajin babbar sakandare. A 1976 aka buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa, a 1999 aka sake ƙaddamar da shirin ilmin bai ɗaya a Sakkwato, a 2004 aka yi masa doka har ya haɗa da shekara uku na ƙaramar sakandare. Wannan abin alheri ne, ɗan talaka ya sami ƙofa. Amma an buɗe ƙofa ba a faɗaɗa ɗaki ba, ba a kuwa ƙara masu tsaron ɗakin gwargwadon masu shiga ba.

A shekarata ta ƙarshe aji biyar na ke shiga, kowanne yara sun kai 100. Waɗansu a benci, waɗansu a ƙasa, waɗansu a bakin taga. To ku taya ni lissafi. In na ba da aikin gida sau ɗaya, littafi 500 ke nan. In na ba kowane littafi minti uku kacal, minti 1,500 ke nan, watau awa 25. Wannan fa aikin gida ɗaya ne, ban da shirya darasi, ban da rajista, ban da jarrabawa, ban da tsayuwa gaban allo. Da yara 40 ne a kowane aji, da awa 10 ta ishe ni.

Saboda haka ɗayan biyu ne. Ko malami ya kashe kansa, ko ya daina duba aikin yara. Mai imani ba ya iya na biyun hankali kwance, jikinsa kuwa ba ya iya na farkon har abada. Murya ta dushe saboda ɗaga ta kowace rana domin na baya su ji. Ƙurar alli ta shiga ƙirji. Ido ya raunana, jini ya hau. Mutum na da shekara 50 sai ka rantse ya yi 65. In aka ce da irin wannan mutum an yi masa gata an ƙara masa shekara biyar, me kuke tsammani zai ce?

ƘARIN GIRMA

Na uku jinkirin hakki. A ƙa'ida ma'aikaci na samun ƙarin girma bayan 'yan shekaru ƙididdigaggu. Ni kuwa na taɓa yin shekara takwas a mataki ɗaya. Da takardar ƙarin girman ta zo, sai ta zo ita kaɗai, kuɗin bai biyo ta ba sai bayan shekara biyu, bashin baya kuwa har yau shiru. Ba zan kama sunan ofis ko na mutum ba, ba don haka na zo ba. A 2008 sai da malamai suka yi yajin aiki na makonni a ƙasa duka kafin gwamnoni su yarda da ƙarin kashi 27 da rabi cikin ɗari, sa'an nan aka shafe shekaru ana jan waɗansu jihohi kafin su biya. Ƙungiyar Malaman Nijeriya tun 1931 aka kafa ta, kusan duk abin da malami ya samu kuwa sai da aka yi ja-in-ja. Mutum na gajiya da roƙon abin da ya ke hakkinsa ne.

TSORO

Na huɗu, wanda iyayenmu ba su san shi ba, shi ne tsoro. A watan Fabrairu 2014 aka kashe ɗalibai a kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi. A watan Afrilu na shekarar aka kwashe 'yan mata 276 a Chibok. A 2018 aka kwashe 110 a Dapchi. A watan Disamba 2020 aka kwashe yara maza fiye da 300 a Ƙanƙara. A watan Fabrairu 2021 aka shiga Kagara aka tafi da ɗalibai da ma'aikata da iyalansu, a watan nan dai aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe. A watan Yuni 2021 aka shiga kwalejin Birnin Yawuri aka tafi da ɗalibai har da malamai. A watan Nuwamba 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Jihar Kebbi, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Tun a 2017 hukumar UNICEF ta ce malamai 2,295 aka kashe a Arewa maso Gabas daga 2009, kimanin 19,000 kuma suka bar gidajensu.

Kusan duk makarantun nan da na lissafa na kwana ne, malamin makarantar kwana kuwa cikin makaranta ya ke kwana da matarsa da 'ya'yansa. Soja ya san da bindiga aka ɗauke shi aiki. Malami alli aka ba shi. In aka kawo wa dattijo takardar canji zuwa makarantar da ke bakin daji, ya dubi takardar, ya dubi iyalinsa, sau da yawa amsar da zai mayar ita ce takardar ritaya. Wa zai ga laifinsa?

MUTUNCI

Na biyar zan faɗa ko da zai yi ɗaci, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan laifin har da mu talakawa a ciki.

Da can malamin makaranta babban mutum ne a gari. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 malamai aka kafa ta ta horar. Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi har ya shugabance ta. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru, shi ne kuma ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948. Shehu Shagari malami ne a Sakkwato da Argungu. Dukansu sun bar aji tun da ƙuruciya, Malam Aminu a 1950 ya ajiye aiki. Amma su ƙasa ce ta kira su zuwa wani aikin, suka fita da mutuncinsu, har suka mutu ana tuna su malamai ne. Malamin yau wahala ce ke tura shi waje.

Yau malami ya tsawata wa yaro, gobe uba ya zo makaranta ya zage shi gaban ɗalibai. Lokacin jarrabawar WAEC ko NECO ya zo, waɗansu iyaye su tara kuɗi domin a bar yara su yi satar amsa. Malamin da ya ƙi, shi ne mugu, shi ne mai baƙin ciki, wani har jifa a ke yi a hanya. Na taɓa hana wani yaro shiga da takarda ɗakin jarrabawa, da dare aka sassare mini tayoyin babur. Yaron nan shekara uku ina koya masa. Ran nan na fara tunanin tafiya.

LISSAFIN FANSHO

Na shida shi ne wanda ke yanke hukunci. Za ku ce, ai sai ya daure ya cika shekarunsa ya karɓi fansho mai kauri. To ku ji yadda abin ya ke. A 2004 aka sake tsarin fansho, aka koma na adashi. Dokar 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari na albashinsa kowane wata, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10, a tara masa a asusu da sunansa, yana kuma iya fara cin kuɗinsa daga shekara 50 in ya yi ritaya. Ba kowace jiha ce ta shiga tsarin yadda ya ke ba, waɗansu suna da nasu. Amma ko'ina ka je labari ɗaya ne a wajen 'yan fansho: jira. A Jihar Kano kaɗai bashin garatuti da hakkin mamata da ya taru ya haura naira biliyan 40 a 2023, kafin a shiga biya kashi kashi.

Malami na ganin waɗanda suka riga shi. Yana ganinsu a layin tantancewa da sanda a hannu. Yana zuwa jana'izar waɗansu da ba su karɓi ko kwabo ba. Yana kuma ganin yadda tsada ke cinye kuɗin da aka ajiye, gama a watan Disamba 2024 hauhawar farashi ta kai kusan kashi 35 cikin ɗari. Sai ya ce wa kansa, in na fita ina da 52 ina iya noma, ina iya tsayuwa a rumfa, ina iya koyon ciniki. In na jira 65 fa, wace sana'a zan fara? Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan ba lalaci ba ne, jama'a, lissafi ne irin wanda kowane ɗayanku ke yi kafin ya sa jari.

Masu ƙuruciya kuwa ko jiran 50 ba su yi. Mai lissafi da mai kimiyya su a ke rububi. Daga watan Fabrairu 2023 Ingila ta buɗe wa malaman Nijeriya masu koyar da irin waɗannan fannoni hanyar neman takardar koyarwa a can. Hukumar UNESCO ta ce a 2024 duniya na bukatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a ƙasashenmu na Afirka kudu da Sahara. Kasuwar malamai ta buɗe, mu ne kuwa ke sayar da namu da araha.

WA KE ASARA?

Na san abin da wani zai ce. Zai ce su tafi mana, ga samari nan da takardu suna zaune ba aiki. Zai kuma ce cikin malamai akwai malalata, masu sa hannu su fice. Ban musa ba, akwai su, na zauna da su. Amma ku lura, malalaci ba ya yin ritaya da wuri. Me zai kore shi, tun da ba aikin ya ke yi ba? Wanda ke tafiya shi ne wanda aikin ya dame shi, wanda kuma ya ke da abin yi a waje. Tsaba ke zubewa, dusa ke zama a cikin buhu.

Sa'an nan ba kullum a ke ɗaukar wani a madadin wanda ya tafi ba. Sai a raba ajinsa ga waɗanda suka rage, mai aji biyar ya koma mai bakwai, shi ma ya fara tunanin tafiya. Ko an ɗauki sabo, wa zai nuna masa hanya? Koyarwa sana'a ce kamar ƙira da jima, a gindin gwani a ke koyonta. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Masu hali ba ruwansu. 'Ya'yansu na makarantun kuɗi, waɗansu ma suna ƙasashen waje. Ɗan mai kayan miya da ɗan dako da 'yar mai ƙosai su ne za su zauna zango guda ba malamin lissafi, sa'an nan a tura su jarrabawa ɗaya da 'ya'yan masu hali. In suka faɗi a ce ba su da ƙoƙari.

ABIN YI

To me za mu yi? Ban zo in sa ku kuka ku watse ba.

Na ɗaya, kowane uba da kowace uwa su je makarantar ɗansu ko sau ɗaya a zango. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ku ƙirga yaran da ke ajin da idonku. Ku tambaya wane darasi ne ba shi da malami, tun yaushe.

Na biyu, ku shiga taron iyaye da malamai, kada ku bar shi ga mutum uku. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da murya. Yadda kuke tafiya ofis a kan harajin rumfa, haka za ku tafi a kan malamin kimiyya.

Na uku, duk wanda ya zo neman ƙuri'arku, ko na wace jam'iyya ne, ku yi masa tambaya huɗu. Malamai nawa za a ɗauka a madadin waɗanda suka tafi? Yaushe za a biya kuɗin ƙarin girma? Wata nawa ɗan fansho zai jira hakkinsa? Wa zai tsare makarantun kwana? Kada ku karɓi amsar da ba lamba a cikinta. Ku da ba ku sayar da hatsi sai da mudu, kada ku sayi alkawari ba mudu.

Na huɗu, wanda ba ya bukatar Gwamnati: ku girmama malaman 'ya'yanku. Kada ku ba da kuɗin satar amsa. In yaro ya kawo ƙara, ku ji ta bakin malami tukuna. Wallahi gaisuwar mutunci a bakin kasuwa ta sha riƙe malami shekara guda a aji.

Ni dai na riga na fita, kuma ba zan ɓoye muku ba, rumfa ta fi rufa mini asiri. Amma duk safiya in na ji ƙararrawar makarantar da ke bayan kasuwar nan sai gabana ya faɗi, in tuna akwai yara ɗari a wani aji suna jiran wanda zai shigo. Akwai abokan aikina da yawa da takardar ritaya ke cikin aljihunsu, an rubuta, ba a miƙa ba tukuna. Ko za su miƙa ko za su yage ta, da hannunku a ciki.

Ga ladan can ya miƙe. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a kasuwa, ya kai kowa gida lafiya.